Zafi Ke Cin Batir A Rawayau, Ba Hunturu Ba

Duk shekara idan hunturu ya kankama, daga tsakiyar watan Disamba zuwa ƙarshen Janairu, akwai wani aiki da yake ƙaruwa da sassafe a Rawayau da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Kurfi, watau turin mota. Direba yana ciki ya danne kuloci, yaron mota da fasinja biyu ko uku suna baya suna nishi, har inji ya yi tari ya kama. In an tambayi direban abin da ya faru, amsarsa guda ce: sanyi ya kashe batir. Wannan magana ta zauna daram a zukatan jama'a, ma'aikacin ofis da ɗalibin jami'a duk sun karɓe ta ba tare da bincike ba. Alhali kuwa sanyi bai yi kome ba illa tonon asiri. Ɓarnar tun cikin bazara aka yi ta, a watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da ma'aunin zafi a Jihar Katsina yake haura digiri 40. Batirin da rana ta gama gasawa shi ne yake kasawa ranar da iska ta yi sanyi, baƙin mai ya yi kauri, inji ya yi nauyin juyawa.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ƙaramin zance ne na 'yan tasha. Mutumin Rawayau da na ƙauyukan da ke kewaye da ita, in ciwo ya fi ƙarfin ɗakin shan magani, dole ya nemi mota zuwa babban asibiti a Kurfi ko Dutsin-Ma ko birnin Katsina, kuma naƙuda ba ta jiran gari ya waye. Mai kayan gwari da ya yi lodin tumatir da dare domin ya riski kasuwa, in mota ta ƙi tashi, rana ce za ta yanka masa farashi. Balle kuma a shekarun nan da yankin ya sha fama da 'yan bindiga, motar da ta mutu a daji bayan magariba ba lokaci kaɗai take jawo wa mutanen cikinta su rasa ba. Saboda haka tambayar wane irin batir ya dace da motar da ke bin waɗannan hanyoyi ta cancanci a yi mata duban tsanaki, maimakon a bar ta a hannun mai kanti wanda babban burinsa shi ne ya rabu da abin da ya daɗe a kan kanta.

Da farko ya kamata a san aikin da batir yake yi. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro batirin dalma da asid a 1859, tun kafin a san mota. Sai a 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai tashi da lantarki, bisa ƙirar injiniya Charles Kettering. Kafin nan da hannu ake murɗa inji, kuma an sha karya wuyan hannu wajen murɗawar. Batirin ƙaramar mota ɗakuna shida ne, kowane ɗaki yana ba da bolt 2.1, jimla 12.6 in ya cika. A cikin kowane ɗaki akwai farantan dalma jere cikin ruwa mai asid. Babban aikinsa na 'yan daƙiƙu ne kawai: ya tura wuta mai yawa, amfiya 150 zuwa 250 a ƙaramar motar fetur, zuwa na'urar tayar da inji wadda direbobi ke kira kik. Da zarar inji ya kama, altaneto ne yake ɗaukar nauyin fitilu da rediyo da fanka, ya kuma mayar wa batir abin da aka ara.

Ɗalibi mai son lissafi yana iya gwada wannan da kansa. Amfiya 200 na tsawon daƙiƙa uku bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na abin da batir mai amfiya-awa 60 yake riƙewa ba. Ashe tayar da mota mai lafiya ba ya gajiyar da batir. Abin da yake gajiyar da shi shi ne inji mara lafiya da ake murɗa wa makulli sau goma kafin ya kama, da rediyon da aka bari yana kiɗa inji a kashe ana jiran lodi, da wayoyin fasinja da aka jona, da fitilar da aka manta.

Daga nan kuma za a fahimci cewa batir ba ya ƙara wa mota gudu. Akwai masu sayen batir babba, wanda ya fi ramin da aka yi masa, da zaton motar za ta ƙara ƙarfi a kan tudu. Wannan kuɗi ne aka zubar. Amma mataccen batir yana rage wa mota lafiya ta hanyoyi da dama. In wuta ta yi ƙasa, kik yana juyawa a hankali, ya ɗauki zafi, daga bisani ya ƙone. Batirin da ɗaki ɗaya ya mutu a cikinsa ba ya ƙoshi, kullum yana zuƙar wuta, altaneto kuma yana aiki iyakar ƙarfinsa ba hutu. Altaneto ba kyauta yake ba da wuta ba, daga inji yake karɓa ta hanyar bel, kuma in yana cikakken aiki yakan ci kusan ƙarfin doki uku. Wannan fetur ne yake ƙonewa a banza, fetur ɗin da tun janye tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023 kowa ya san zafinsa.

Dattawan ma'aikata za su tuna zamanin Udoji, sa'ad da aka biya bashin ƙarin albashi a 1975, shekarar da kamfanin Peugeot na Kaduna da na Volkswagen na Legas suka fara harhaɗa motoci. Fijo 504 ta wancan lokaci mota ce mai haƙuri. Famfon manta inji ne yake juya shi, ba ta da kwamfuta, giyarta ta hannu ce. Ko batir ya kusa mutuwa, in aka sami gangare da samari uku, ta tashi. A wannan makaranta aka koyi yawancin dabarun da ake amfani da su a tasha har yau. To, amma motocin da suka cika hanya yanzu, waɗanda aka shigo da su ta Kwatano da Legas, wata halitta ce dabam. Famfon mansu na lantarki ne, kuma akwai ƙwaƙwalwa da ke auna mai da iska, wadda ba ta son wuta tana hawa tana sauka. In batir ya yi rauni sai fitilun gargaɗi su riƙa kamawa ba dalili, inji ya riƙa rawa, a tafi a kashe kuɗi wajen gyaran abin da bai lalace ba. In ya mutu murus, turi ma ba ya aiki, domin babu wutar da za ta farkar da famfo. Mai giyar otomatik kuwa, ko garin duka ya fito turi, wahala kawai za a sha.

Akwai wata al'ada da ya kamata a binne ta tare da wancan zamani, watau cire kan batir inji yana aiki. Wasu suna yi domin su gwada altaneto, wasu kuma domin su ɗauki batir ɗaya su tayar da motoci biyu ko uku. Batir shi ne yake shanye tsallen da wuta take yi. In aka raba shi da mota inji yana juyawa, wutar tana iya yin tsalle nan take ta ƙona altaneto ko ƙwaƙwalwar motar, wadda kuɗinta ya ninka na batir sau da yawa.

Batura da ake samu a kantunan Dutsin-Ma da Katsina, da waɗanda ake sarowa daga Kano, ba iri ɗaya ba ne ko da yake duk akwatuna ne masu kai biyu. Na farko shi ne tsohon hannu, mai murafu shida da ake buɗewa a duba ruwa. Bisa al'ada ana gauraya dalmarsa da wani ƙarfe mai suna antimoni domin farantai su yi ƙwari. Aibinsa shi ne shan ruwa, musamman cikin zafi, kuma in aka ajiye shi yakan sauke caji da kansa da sauri. Kyansa kuwa shi ne yana da magani. In ruwa ya ja baya a ƙara, in ana shakkar wani ɗaki a sa ma'auni a gwada kaurin ruwan kowane ɗaki a san gaskiya. Yana kuma jure wulaƙanci, ko an sauke shi ƙasa sosai yakan farfaɗo in aka yi masa caji da wuri.

A nan ne ake yin wani kuskure da ya halaka batura ba iyaka. Abin da zafi da caji suke kwashewa daga batir ruwa ne zalla, asid yana nan bai tafi ko'ina ba. Don haka abin da za a ƙara shi ne farin ruwa tatacce wanda ake sayarwa domin wannan aiki. Wanda ya ƙara asid ya ƙara wa farantai guba. Wanda ya zuba ruwan rijiya ko na burtsatse ya zuba gishiri da ƙarfe da kanwar ƙasa waɗanda za su zauna a ciki har ƙarshen kwanan batirin. Ruwan leda ma bai tsira ba, domin tacewar sha dabam, tacewar batir dabam.

Na biyu shi ne rufaffe, wanda ba a ƙara masa ruwa, mai ɗan gilashi a sama da yake nuna kore in yana da caji. An fara fito da irinsa a Amurka a farkon shekarun 1970, inda aka maye gurbin antimoni da kalsiyam. Ba ya shan ruwa sosai, yana daɗewa a ajiye bai sauka ba, ba ya ɓata kawunansa da farin gari kamar na farko. Shi ya mamaye kasuwa yanzu, kuma ga mutumin da ba ya buɗe gaban mota sai ta tsaya, rahama ne. Sai dai maganar ba ya shan ruwa an yi ta ne da yanayin ƙasashen da aka ƙera shi. A ƙarƙashin murfin injin motar haya a watan Afrilu, inda zafi yake wuce digiri 60, ruwan yana raguwa sannu a hankali, kuma abin da ya tafi ya tafi ke nan tun da babu ƙofar mayarwa. Bugu da ƙari ba ya yafe saukewa. In aka bar shi ya mutu sau biyu ko uku, da wuya ya koma yadda yake. Ɗan gilashin nan kuma labarin ɗaki ɗaya kawai yake bayarwa cikin shida. Yana iya nuna kore alhali maƙwabcinsa ya daɗe da rasuwa.

Ƙa'idar da masana batir suke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 bisa digiri 25 yana raba kwanan batirin dalma biyu. Zafi yana gaggauta zaizayar ragar dalmar da ke riƙe da farantai, yana ƙafar da ruwa, yana sa caji ya zube. Shi ya sa batirin da zai yi shekara biyar a Jamus ba zai yi su a Kurfi ba, ko da na ainihi ne. Abin mamaki shi ne lambar da mai kanti ya fi nuna wa mai saye, wadda aka rubuta da haruffan CCA, awon sanyi ce. Ma'anarta yawan wutar da batir zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri. Tun da aka kafa Rawayau ba ta taɓa ganin irin wannan sanyi ba. Lambar tana da amfani gwargwado, bai kamata ta gaza abin da maƙerin motar ya ƙayyade ba, musamman a motocin gas masu nauyin tashi. Amma biyan kuɗi domin ta ninka haka kamar sayen bargo ne a bazara. Sau da yawa ma hanyar ƙara wannan lamba ita ce a cusa farantai masu yawa marasa kauri, su kuwa su ne zafi da girgiza suka fi saurin cinyewa. Abin da ya fi dacewa mai saye ya duba shi ne amfiya-awa, da girman da ya dace da ramin motarsa, da nauyin batirin a hannu, tun da dalma ce jarinsa kuma dalma ba ta ɓoye nauyinta, sa'an nan uwa uba ranar da aka ƙera shi. Batirin da aka zuba wa ruwa ya yi fiye da wata shida a kanti cikin zafi ba a yi masa caji ba, sabo ne a fuska kawai. Wani farin gishiri ya riga ya fara daskarewa a jikin farantansa.

Na uku su ne waɗanda aka rubuta wa AGM ko EFB. A cikin AGM ruwan ba ya yawo, an tsotse shi cikin wata audugar gilashi da aka matse tsakanin farantai. Ba ya zuba, yana jure girgiza ƙwarai, yana karɓar caji da sauri. EFB kuwa batir mai ruwa ne da aka ƙarfafa. An yawaita su ne saboda motocin Turai na daga ƙarshen shekarun 2000, masu kashe kansu in an tsaya a danja su tashi in an saki birki. Irin waɗannan motoci sun fara isowa hannun manyan ma'aikata da malaman Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011. Wanda ya mallaki irinsu ba shi da zaɓi, abin da ya tarar a ciki shi zai mayar, domin batir na yau da kullum ba zai jure tashi sau talatin a yini ba. Amma wanda yake da tsohuwar Golf ya sayi AGM domin ya ji an ce shi ne sarki, ya sani sarkin nan ba ya son zafi kuma ba ya son caji ya wuce kima, shi ya sa masu ƙera motoci sukan ɓoye shi a but ko ƙarƙashin kujera nesa da inji. In altaneto yana ba da wuta fiye da ƙa'ida, zai bushe ya mutu da kuɗinsa masu yawa.

Batirin litiyam ba shi da nauyi kuma yana da ƙarfi, amma tsadarsa da irin kulawar da cajinsa yake bukata sun sa a halin yanzu ba zancen motar haya ba ne. Wanda ya fi shiga harkar mutanen karkara shi ne batirin sola. Shi farantansa masu kauri ne, an yi shi domin ya ba da wuta kaɗan kaɗan dare guda. Na mota kuwa an yi shi domin ya yi kukan kura sau ɗaya ya huta. Wanda ya ɗauki na mota ya kai shago yana cajin waya ko kallon ƙwallo zai kashe shi cikin 'yan watanni, wanda kuma ya ɗaura na sola a mota zai ji kik yana jan ƙafa.

Sauran iri na ƙarshe, wanda babu shi a littafin kowane maƙeri amma ya fi kowanne kasuwa a wurin talaka: batirin gwanjo da ɗinkakke. A da can, sa'ad da ake yin akwatin batir da baƙar roba mai tauri a rufe samansa da kwalta, sabunta batir sana'a ce ta gaskiya. A narka kwaltar, a zaro ɗakin da ya mutu, a sa sababbin farantai, a mayar. Akwatunan yanzu an like su ne da wuta a masana'anta, ba a yi su domin a buɗe ba. Abin da ake yi yau shi ne a yanka saman, a ciro farantai daga wani mataccen batir a cusa, a like da ƙarfe mai zafi, a wanke, a goge. Wani ma ba ya kai ga haka, asid mai ƙarfi kawai zai zuba ya kwana yana caji. Da safe in aka sa mita za ta nuna bolt 13, in aka ɗaura a mota ta tashi da murɗa ɗaya, mai saye ya biya yana godiya. Bayan mako shida asid ɗin ya gama cin abin da ya rage.

Ba a ce duk mai wannan sana'a macuci ne ba. Da yawansu suna faɗa wa mai saye gaskiya cewa na lallaɓawa ne, shi kuma ya karɓa domin abin da aljihunsa ya iya ke nan, ga shi tun faɗuwar darajar Naira a 2023 farashin sabo ya yi tashin gwauron zabo. Uzuri ne mai ƙarfi, amma lissafi ba ya jin uzuri. A ɗauka, alal misali, ɗinkakke yana kan sulusin kuɗin sabo kuma yana yin wata uku, sabo mai kyau kuma yana yin wata goma sha takwas. Kafin sabon ya mutu an sayi ɗinkakke shida, watau an biya kuɗin sabo biyu. Ba a sa kuɗin kik da ya ƙone ba, ba a sa ranakun kasuwa da aka rasa ba, ba a sa fasinjan da ya sauka ya shiga wata motar ba. Araha dai ba ta ado. Direbobin da suka iya yin adashin taya, babu abin da zai hana su yin adashin batir.

In aka auna duk wannan, hukuncin ba mai wuya ba ne. Direban haya da mai a-kori-kura da mai tarakta, waɗanda suke buɗe gaban mota kowace safiya su duba mai da ruwa, batir mai murafu na kamfanin kirki ya fi musu, muddin za su riƙa leƙa ruwansa duk mako biyu a bazara. Ma'aikacin da ya san ba zai leƙa ba, ya sayi rufaffe sabon ƙira, daga wurin wanda zai rubuta masa garanti a rasit. Masu manyan motoci da ke aiki da bolt 24, watau batir biyu a jere, su riƙa canja su tare, domin tsoho yakan ja sabo zuwa kabari.

Kowane iri aka saya, hanya tana da nata haraji. Hanyoyin burji da suke haɗa ƙauyuka da kwalta cike suke da gargada, kuma girgiza tana kakkaɓe sinadarin da ke jikin farantai ya taru a gindin ɗaki har ya haɗa waya. Duk da haka a leƙa motoci goma a tasha a ga nawa ne batirinsu yake ɗaure da ƙarfensa na asali. Wani da tsumma aka tokare shi, wani da igiyar roba, wani yana zaune haka nan yana rawa. Kawunan kuma a kwance, an cusa ƙusa ko an buga da dutse. Ƙarfen ɗauri da kai mai tsabta a matse ba su da tsada, amma suna ƙara wa batir watanni.

Haka kuma kafin a yanke wa batir hukunci ya kamata a binciki altaneto. Da ƙaramar mita ana gane kome cikin minti biyar. In mota ta kwana a kashe, batir mai cikakken caji zai nuna kusan 12.6. In ya nuna 12.2 rabi ya tafi, in ya gaza 12 ya sauka. Sa'ad da ake murɗa makulli bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba, kuma wannan gwaji shi ne yake tona asirin ɗinkakken da ya kwana a caji. In inji yana aiki, mita ta nuna tsakanin 13.8 da 14.4. Ƙasa da haka batir yana kwana da yunwa, sama da haka sosai ana dafa shi. Mutum nawa ne suka sayi batir uku a shekara suna tsine wa masu kanti, alhali ɓarawon yana ɗaure a jikin injinsu?

Ma'aikatan gwamnati suna da tasu matsala ta dabam. Tun da man fetur ya yi tsada, da yawa sun jingine motoci sun koma babur ko motar haya, ba a fito da mota sai ranar biki ko tafiya gida. Motar da ke ajiye tana shan wuta a ɓoye ta hanyar agogo da rediyo da na'urar tsaro, zafi kuma yana taya ta. Bayan 'yan makonni batir ya sauka, in ya daɗe a sauke gishirin nan ya daskare, ba ya narkewa kuma. Tayar da mota a bar ta tana aiki minti biyar a tsakar gida ba ya biyan wannan bashi. Wanda zai ajiye mota ya cire kan batir na baƙar waya bayan ya kashe inji, ko kuwa ya kai shi wurin mai caji sau ɗaya a wata.

Abin ya fi muni a motocin hukuma, inda dukiyar ta kowa ce saboda haka ba ta kowa ba ce. Ba baƙon abu ba ne a ga motar asibiti ko ta aikin gona tana zaune a harabar ofis, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe ta, in an bincika a tarar asalin ciwon batir ne da aka rubuta takardar nemansa aka yi wata huɗu tana yawo daga tebur zuwa tebur. In an tashi saye kuma, takardar oda ba ta faɗi kome ba sai "batir guda goma", ɗan kwangila ya kawo abin da ya ga dama, ma'ajin sito ya sa hannu, a jibge su a ɗaki mai rufin kwano su shekara suna gasuwa kafin a raba. Kamata ya yi kowace oda ta faɗi iri da girma da amfiya-awa, ta hana karɓar wanda ya wuce wata shida da ƙira, a kuma saya daidai bukata maimakon tarawa. Motar ɗaukar marasa lafiya kuwa, a gwada batirinta kowane wata a rubuta a littafi, a canja shi ranar da mita ta ce ya gaji, kada a jira ranar da zai ƙi tashi da mai jinya a ciki.

Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, wadda asalinta ya koma 1971, ita ke da alhakin tabbatar da cewa abin da aka rubuta a jikin akwati shi ne a ciki. Masana'antar Exide ta Ibadan ta daɗe da rufewa, kuma ko da yake akwai masu ƙera batir a gida kamar a Nnewi, kaso mai yawa na abin da ke kasuwa daga ƙasashen waje yake zuwa. Binciken da ya tsaya a tashar jiragen ruwa bai isa ba. Ya kamata jami'an hukumar su riƙa shiga kasuwannin kayan mota da ma'auni da sikeli, su tilasta a riƙa rubuta ranar ƙira yadda kowa zai iya karantawa, ba cikin wasu haruffa da sai dillali ya fassara ba.

Akwai kuma tambayar inda mataccen batir yake zuwa. 'Yan gwangwan suna sayensa da daraja saboda dalmarsa, kuma sau da yawa a bayan gida ake fasa shi, a tuttular da asid a ƙasa inda awaki suke kiwo, a narka dalmar a buɗaɗɗen wuri yara suna kallo. Arewa ta riga ta ga aikin dalma. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu a Jihar Zamfara saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar ta ƙasar Senegal, yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008, su kuwa kai tsaye daga fasa tsofaffin batura ne. Hukumar kare muhalli ta NESREA ta fito da dokokin sarrafa batir a 2024, sai dai doka a Abuja ba ta hana yaro a ƙauye wasa da farantin dalma in ba a sami mai faɗa wa uwarsa ba. Wannan aiki ne na malaman tsabta na ƙananan hukumomi, da masu unguwanni, da ɗaliban kimiyya na Dutsin-Ma da na Kwalejin Hassan Usman da ke Katsina in sun koma gida hutu. Wanda batirinsa ya mutu ya mayar da shi ga mai kanti a rufe yadda yake, a rage masa kuɗin sabo.

Reshen ƙungiyar direbobi na kowace tasha, daga Rawayau zuwa Kurfi da Dutsin-Ma, yana karɓar kuɗin lodi kullum. Daga ciki ana iya fitar da kuɗin mita ɗaya da ma'aunin ruwa ɗaya da jarkar tataccen ruwa, a damƙa wa wani yaro mai hankali da ya yi makarantar sana'a, a sa ranar da kowace mota za ta bi layi a duba ta. Lokacin da ya dace a fara shi ne watan Maris, kafin rana ta buɗe.